Daga Bakin Allo: Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wa Za A Tambaya?

  

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba sallama, wato injin bincike na intanet, wanda gidajen rediyo suke yi wa laƙabi da matambayi-ba-ya-ɓata. Dalilin ɗauko maganar kuwa shi ne, a makarantun sakandare na Garwa yanzu da wuya mako ya wuce ba a ce wa ɗalibai su je su binciko wani abu su kawo ba. Malami yakan ba da umurnin ya tattara allinsa ya fita, bai ce a ina za a bincika ba, bai kuma ce da me ba. Yaro ya dawo gida Pumpumre, ko Fulɓere, ko Yelwa, ko Rumde Ajiya, ya ari wayar yayansa, ya rubuta tambayar a ɗan akwatin nan da ke saman fuskar waya, abin da ya fara fitowa shi zai kwafe tsaf da hannu. Washegari sai ka ga rabin aji sun kawo magana guda, har da kuskure guda a layi guda. Idan aka tambayi yaron inda ya samo sai ya ce, "Malam, Google ne ya faɗa." A wurinsa da wannan amsa an gama shari'a.

To, wannan ɗan akwati ba shi kaɗai ba ne a duniya, kuma ba shi ya fara zuwa ba. Injin farko shi ne Archie, wanda wani ɗalibi mai suna Alan Emtage ya haɗa a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada a shekarar 1990, shi kuwa sunayen fayiloli kawai yake nemowa. A 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka buɗe Yahoo, wanda a farkonsa mutane ne suke zama su duba shafuka ɗaya bayan ɗaya su jera su fanni-fanni, kamar yadda mai kula da ɗakin karatu yake jera littattafai a kan kanta. A ƙarshen 1995 AltaVista ya fito, ya yi tashe ƙwarai. Intanet ta shigo Kamaru a 1997, ta fara yada zango a Yawunde da Duwala kafin ta hauro arewa. Waɗanda suka riski zamanin shagunan sibar, inda ake biyan kuɗin awa a zauna ana jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran jirgin ƙasa a tashar Ngaundere, za su tuna da waɗannan sunaye, da Lycos, da Voila na kamfanin wayar Faransa. A lokacin kowa da injin da ya saba da shi, idan wannan bai ba ka ba ka koma wancan.

Google ya zo ne a watan Satumba na 1998, daga hannun Larry Page da Sergey Brin, su ma 'yan Stanford. Dabarar da suka zo da ita ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zuwa binciken aure. Idan aka aike ka ka binciko halin mai neman 'yar ƙanwarka, ba shi za ka tambaya ba, domin kowa gwani ne wajen yabon kansa. Za ka saurara ka ji mutum nawa ne a unguwa suke ambatonsa, kuma su wane ne, tun da shaidar liman da mai unguwa ta fi ta 'yan zaman kashe wando goma nauyi. Haka Google ya riƙa ƙirga shafukan da suke nuni zuwa ga wani shafi, yana kuma auna darajar su masu nunin. Da wannan ya kere tsara. An rufe AltaVista a 2013, Yahoo ya rufe jerinsa na hannu a ƙarshen 2014, yau kuwa cikin kowane bincike goma da ake yi a duniya kusan tara ta Google ake yin su. Sai dai mai karatu ya lura, shafin da aka fi ambato shi ne ya yi suna, suna kuwa daban, gaskiya daban.

Akwai kuma abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba. Injin ba ya fita yawon neman amsa a lokacin da ka tambaye shi. Tun kafin ka zo yana da wasu manhajoji da suke bin shafukan duniya dare da rana suna kwaso abin da ke ciki, ana tara shi a wata ƙatuwar fihirisa, to cikin fihirisar nan yake duba maka. Ke nan abin da ba a taɓa rubutawa aka ɗora a intanet ba, ko kwana za ka yi kana tambaya ba zai fito ba. Tarihin zuwan Hausawa unguwanninmu, da sunayen malaman zaure da suka karantar a garin nan, da yadda ake cinikin shanu a kasuwar Adumri, mafi yawansu a kawunan dattawa suke. Injin ba zai ce maka wannan sai ka je wurin tsoho wane ba. Zai kawo maka abin da ya fi kama da tambayarka, ko da na Kano ne ko na Dakar, kai kuma ka ɗauka naka ne.

Me ya sa kowace waya muka saya a kasuwa, Tecno ce ko Itel ko Samsung, Google muke tararwa a cikinta? Wani ɓangare dai ingancinsa ne, wannan ba mai musu, ga shi kuma tsarin Android da ke tafiyar da wayoyin nan nasa ne. Ɗaya ɓangaren kuwa kuɗi ne. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin a birnin Washinton, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da masu manhajojin shiga intanet da kamfanonin sadarwa, domin injinsa ya zama shi ne wanda mai waya zai tarar. Idan aka juya kuɗin nan zuwa sefa, ya ninka kasafin kuɗin gwamnatin Kamaru na wannan shekarar fiye da sau biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin ya san halin ɗan Adam, tabarmar da ya tarar a shimfiɗe a kanta zai zauna. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka, a Satumba na 2025 kuma ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta toshe wa sauran ƙofa, ko da yake bai tilasta masa sayar da manhajarsa ta Chrome ba kamar yadda gwamnati ta nema.

Tarayyar Turai ita wata hanya ta bi. A 2018 ta ci tarar kamfanin sama da yuro biliyan 4 kan batun wayoyin Android, daga watan Maris na 2024 kuma sabuwar dokarta ta kasuwannin intanet ta fara aiki. Duk wanda ya kunna sabuwar wayar Android a ƙasashen Tarayyar sai an nuna masa jerin injinan bincike a cakuɗe, ba a fifita wani a kan wani ba, ya zaɓa da hannunsa. Jerin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma akan sabunta shi. Mu nan ba mai nuna mana wannan jeri, domin dokar ba ta ƙetaro teku ba. Amma ƙofar a buɗe take. Wanda ya shiga Chrome ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya shiga Paramètres, ya nemi inda aka rubuta Moteur de recherche, zai ga wasu sunaye bayan na Google, ya zaɓi wanda yake so. Wanda bai ga nasa a jerin ba sai ya rubuta adireshinsa kai tsaye.

Su wane ne a kasuwar? Akwai Bing na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2009, shi ne mai bi wa Google, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta Garwa da Duwala. Akwai DuckDuckGo na 2008, wanda alkawarinsa shi ne ba ya ajiye labarin wane ne ya nemi me. Akwai Qwant na Faransa, na 2013, da Ecosia na birnin Balin, na 2009, wanda yake zuba ribar tallarsa wajen dasa itatuwa, har da ƙasashen Sahel irin su Burkina Faso. Duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a garin nan, ya kuma san darajar inuwar darbejiya, ba zai raina wannan ba. Akwai Brave na 2021, akwai Yandex na Rasha da Baidu na ƙasar Sin. Amma ga wani sirri: rijiyoyin kaɗan ne, masu garuwa ne suka yi yawa. Tara fihirisar duniya aiki ne mai cin kuɗi, saboda haka Yahoo na yau da DuckDuckGo mafi yawan ruwansu daga rijiyar Bing suke ɗebowa. Qwant da Ecosia ma sun daɗe suna dogara da manyan, sai a 2024 suka sanar za su haƙa tasu ta haɗin gwiwa. Wanda yake son ya ji baki biyu na gaske, sai ya gwada Google da Bing, ko Google da Brave mai fihirisar kansa. A ganinmu, wajen neman abin da ya shafi Kamaru da Faransanci har yanzu Google ya fi hannu. Wanda kuwa zai yi tambaya a kan wata lalura ta jikinsa ko ta iyalinsa, ba ya son talla ta riƙa bin sa daga baya, DuckDuckGo ya fi masa. Sai dai ya sani, idan wayar aro ce, sawun abin da ya nema yana nan a tarihin wayar, sai ya share shi ko ya buɗe shafin sirri tun farko.

Yanzu bari mu zo inda gizo yake saƙar, wato maganar rubutu, domin a nan ne mu mutanen arewacin Kamaru muke da matsalar da Bakano ko Baparise ba shi da ita. Garin nan namu suna uku gare shi a takarda. Faransawa sun rubuta Garoua, shi ne na hukuma. Mu da Fulani muna cewa Garwa. Jamusawa da suka kama garin a 1901, da Ingilishi da suka yaƙe su tare da Faransawa a 1915, Garua suke rubutawa. Ɗalibin da aka ba aiki a kan zamanin Jamus, idan Garoua kaɗai ya rubuta, tsofaffin littattafan da suka fi ba da labarin za su wuce shi. Idan kuma ya rubuta Garua tsirara, ba tare da ya ƙara Kamerun ko Adamaua ba, sai injin ya kai shi ƙasar Peru, domin haka ake kiran hazon da ke rufe birnin Lima, ko ya kawo masa wata tsohuwar waƙar Ajantina mai wannan suna. Wanda ya rubuta Marwa yana nufin babban birnin Arewa Mai Nisa, Safa da Marwa za su fara tarbarsa, ko Janar Buba Marwa na Nijeriya. Kuseri kuwa a takardun Faransawa Fort-Foureau ne. Haka sunayen mutane: Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a littattafan Faransanci Ousmane dan Fodio ne, a na masana Larabci kuma Uthman ibn Fudi.

Sauya harshe ma yakan sauya labarin kansa. Alal misali, a nemi madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina da taimakon ƙasar Sin aka kammala a 1982. Wanda ya nema da Faransanci, zancen wutar lantarki da raguwar ruwa da noman shinkafa zai fi gani. Wanda ya nema da Ingilishi ko da Hausa, jaridun Nijeriya zai tarar suna maganar sakin ruwa da ambaliyar 2012 da ta 2022 a garuruwan da ke bakin Binuwai. Madatsa guda ce, kogi guda ne, amma wanda ke sama da wanda ke ƙasa ba abu ɗaya suke gani ba. Ɗalibin da ya karanta ɓangarorin biyu ya fi wanda ya tsaya a ɗaya fahimtar darasin, kuma wannan gata ne da Allah Ya yi wa ɗan Garwa, wanda tun yana ƙarami yake jin harshe uku ko huɗu.

Sai kuma ita kanta Hausar. Haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wasu jaridu suna sa su, wasu ba sa sawa, injin kuwa ba kullum yake gane cewa ƙasa da kasa a wani rubutun kalma ɗaya ake nufi ba, ko ya rarrabe baƙi da baki. Nijar suna rubuta ƴ inda Nijeriya suke rubuta 'y. Mu kuma da muka yi karatun Faransanci, hannunmu ya saba da tchiniki da koudi da haoussa, alhali a Kano da Zariya da gidajen rediyon BBC da DW da RFI ciniki da kuɗi da Hausa ake rubutawa. Wanda ya yi tambaya da rubutun Faransanci ya rufe wa kansa kusan duk abin da aka rubuta da harshen. Tun a taron Bamako na 1966 masana suka zauna a kan daidaita haruffan Hausa da Fillanci da wasu harsuna, a 1979 kuma Kamaru ta fitar da nata abacada na harsunan ƙasa, amma makarantunmu ba su koya wa yawancinmu ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa yana da Fillanci, ɗora su ba ya cin minti biyar. Shawararmu ita ce a nema da lanƙwasa, a sake nema babu ita. Manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa a ƙarshen 2013, Fillanci da Kanuri kuma a 2024. Tana taimakawa wajen gane inda zance ya dosa, amma kada a miƙa wa malami abin da ta fassara ba a duba ba, musamman Fillanci, wanda na Futa daban, na Masina daban, namu na Adamawa daban.

Akwai wasu 'yan dabaru da suke rage ɓarnar data, kuma Google da Bing duk suna jin su. Idan ka sa magana a tsakanin alamomin zance, kamar "Modibbo Adama", injin zai nemo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. Idan ka sa alamar ragewa a jikin kalma, zai cire ta. Ɗalibin da aka ba aiki a kan noman auduga da kamfanin Sodecoton, in ya rubuta coton Garoua, labarin ƙwallon ƙafa zai cika masa fuska saboda ƙungiyar Coton Sport. Da ya ƙara -sport sai 'yan ƙwallo su ba shi wuri. Wanda ya ƙara site:gov.cm a ƙarshen tambayarsa, shafukan gwamnati masu wannan adireshi kaɗai za a duba masa. Wanda ya ƙara filetype:pdf, takardu cikakku za su fito, abin da ke da amfani ga mai neman tsofaffin tambayoyin BEPC ko Probatoire. A kuma kula da na farko-farkon da aka rubuta Sponsorisé a kansu, waɗannan kuɗi suka biya aka sa su a gaba, kamar mai shagon da ya kama bakin ƙofar kasuwa.

Ga manyan ɗalibai kuwa, na Jami'ar Garwa da aka kafa a watan Janairu na 2022, da na Ngaundere da Marwa, da na Makarantar Namun Daji da ke garin nan tun 1970, akwai rumbuna na musamman da ya kamata a shiga kai tsaye. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, rubuce-rubucen masana kaɗai yake nemowa. Cibiyar binciken Faransa da iyayenmu suka sani da ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta ɗora dubban rahotanninta kyauta a rumbunta mai suna Horizon, kuma arewacin Kamaru na daga wuraren da ta fi yin aiki: ƙasar noma, ruwan Binuwai, kiwo, ƙaurar manoma daga duwatsun Mandara, duk suna ciki. Akwai Persée na mujallun ilimi, akwai Gallica na babban ɗakin karatun Faransa tun 1997. A Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, ana samun littafin tafiyar Heinrich Barth da ya iso bakin Binuwai a 1851 a hanyarsa ta zuwa Yola, da littafin Siegfried Passarge mai suna Adamaua na 1895. Waɗannan da idon baƙo aka rubuta su, wani wurin ma da idon raini, sai a karanta su tare da aikin ɗan gida, marigayi Eldridge Mohammadou, wanda shi da Ahmadou Bassoro suka wallafa tarihin Garwa a 1980 daga bakin dattawa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma yana intanet, ana neman kalma a cikinsa kamar yadda ake nema a injin. Haka kuma Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fillanci ta ɗora.

Sabon yayi shi ne ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, a 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa a saman sakamakonsa, a shekarar ce kuma Meta AI ya iso Kamaru a cikin WhatsApp. Yaro yanzu ba ya ma buɗe shafi, amsa ake miƙo masa a dafe. Ba mu ce a guje su ba, domin suna iya warware wa ɗalibi darasin lissafin da ya shige masa duhu, kuma ba sa gajiya da maimaitawa. Amma a san yadda suke. An horar da su ne a kan tarin rubutu domin su riƙa haɗa kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata, saboda haka inda rubutu ya yi yawa suna ƙoƙari, inda ya yi ƙaranci kuwa sai su cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya, da murya irin ta wanda ya sani. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yanke su ba. Idan haka ta faru da dokar Amurka, wadda aka rubuta a miliyoyin shafuka, ina ga jerin lamiɓen Garwa ko tarihin babban masallacin Pumpumre? Duk suna da shekara da adadin da suka ba ka, ka ce su nuna inda suka samo, ka buɗe wurin ka gani da idonka.

Kada mu manta da 'yan damfara, domin su ma sun san abin da yaranmu suke nema. Da zarar jarrabawa ta gabato, ko an buɗe gasar shiga wata makarantar gwamnati, sai shafuka su tsiro kamar ciyawar damina, wannan yana sayar da "ruwa", wato tambayoyin da wai suka fita, wancan yana alkawarin sa suna a jerin waɗanda suka ci idan an tura kuɗi ta waya. Ko da takardar ta gaske ce, ɗalibi ne ke kwana a ciki: a 2020 sai da aka sake rubuta wasu darussan bakaloriya saboda tambayoyin sun bazu a wayoyi. A duba adireshin shafi da kyau kafin a rubuta lambar waya ko lambar sirri. Harafi ɗaya ne tsakanin .com da .cm namu na Kamaru, kuma ɓata-gari na ƙasashen waje sun yi amfani da wannan kusanci, har a 2009 kamfanin McAfee ya sa .cm a kan gaba cikin adiresoshi masu haɗari a duniya. Bugu da ƙari, dokar ranar 21 ga Disamba 2010 a kan laifuffukan intanet ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba. "A Google na gani" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Ga 'yan'uwanmu malamai, muna ganin gyaran daga bakin allo zai fara. Wanda ya ba da aikin bincike ya ɗauki minti goma ya rubuta wa ɗalibai kalmomin da za su nema, da rubutun Faransanci da na Hausa ko Ingilishi, ya kuma sharɗanta cewa a ƙasan takarda kowa ya rubuta wane ne ya yi maganar da ya kwafo, da shekarar da aka yi ta. Idan aikin ya shafi garin nan ne, a ƙara sharaɗin jin ta bakin dattijo ɗaya a unguwa, a rubuta abin da ya faɗa ko da ya saɓa wa na wayar.

Makarantun da ke da ɗakin kwamfuta amma ba su da kuɗin data, akwai manhaja ta kyauta mai suna Kiwix. Akan sauke Wikipedia gaba ɗaya, ta Faransanci ko ta Hausa, a sa a kwamfuta ko a katin waya, a riƙa bincike a ciki ba tare da intanet ba. Waɗanda suka tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ta yi ta rarrafe kwanaki a Kamaru da maƙwabtanta, sun san amfanin ajiye hatsi a rumbun gida. Ta Faransancin tana da nauyi, sai an sami inda intanet ke da ƙarfi a sauke ta sau ɗaya, daga nan a riƙa kwafa wa juna. Ta Hausar kuwa ko ƙaramin kati ya ɗauke ta.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta shafi a Wikipedia ta Hausa, da irin hujjojin da ake bukata kafin a karɓi rubutu a kan unguwa irin tamu.